Tallafin gaggawa ga makiyaya: abin da na gani a Dakoro

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne gwamnati na biyan makiyaya kuɗi idan fari ya kashe musu dabbobi, da kuma inda baffanka na wajen Bermo zai je a rubuta sunansa. Ni mutumin Dakoro ne, a jihar Maradi ta Nijar, cikin shanu na tashi.

Da farko ka cire masa rai daga cewa za a ƙirga matattun shanu a biya shi kai da kai. Mafi yawan taimakon dusa ce da gurya da ake saukewa a sayar da rahusa, kuma ta hannun ma'aikatar kiwo da ofishin magajin gari take bi. Wanda ardo ko maigarinsa bai kai sunansa ba, sai dai ya ji labari.

Kuɗi a hannu na gan su a 2010. Shekarar nan ciyawa ta ƙare tun kafin bazara, har a kwarin Tarka. Saniya takan kwanta, sai maza huɗu sun zura mata sanduna a ƙarƙashin ciki kafin ta miƙe. Aka zo ana sayen waɗanda suka rame, a yanka, likitan dabbobi ya duba naman, a shanya a raba wa mabukata. Kuɗin bai kai darajar saniya ba, amma ya fi abin da dillalai ke tayawa a kasuwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙi sayar da wata jar saniya mai dogon ƙaho, wai daga uwarta garkenmu ya samo asali. Ta jure har ruwan farko ya sauka, sanyin daren nan ya tafi da ita. Ko fatar ba mu more ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne latti. Dusar da ake bukata a watan 3 ko na 4, wata shekarar sai ga ta ana gab da shuka. Na taɓa kwana biyu a layi aka ce ta ƙare, ranar kasuwa na tarar da irin buhunan nan a rumfar wani, kuɗinsu ya ninka.

Akwai kuma tallafin gidaje marasa ƙarfi, wanda aka fara da jika 10 na CFA a wata, yawanci a hannun mata. Shi talaucin gida ake dubawa, ba yawan dabbar da ta mutu ba. Wasu ayyukan kan raba jar akuyar Maradi bisa tsarin habbanaye na Fulani: ta haihu, ka riƙe ƴaƴan, uwar ta wuce gidan maƙwabci.

Ka ce wa baffa ya je gun ardonsu yanzu, ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, ya kuma kai dabbobinsa rigakafi idan an fito, don ma'aikatan kiwo su san da shi. Ƙungiyar makiyaya ta AREN tana nan cikin Maradi, kai da kake gari ka leƙa musu. In yana da bijimai biyu ko uku, ya sayar tun da sanyi suna da nama, ya sayi harawa da dusa ya ajiye. Ni haka nake yi tun bayan jar saniyar nan.