Me ya sa kurar ruwa ke tsayawa da zarar an daina tura ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar SS1 ce a Gwale. An koya mana a Fiziks cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Amma kullum ina ganin ɗan garuwa a layinmu, da ya cire hannu daga kurarsa sai ta tsaya cak. To ina gaskiyar dokar?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Aristotil na Girka ma haka ya ɗauka, wato sai da turi ake tafiya, kuma aka bi shi a kai kusan shekara dubu biyu, kafin masanin kimiyya Galileo na Italiya ya warware zancen, Isaac Newton na Ingila ya tsara shi cikin dokokinsa uku a 1687.

Ƙarfi a Fiziks turawa ce ko ja, ana auna shi da niyuton, a rubuta N. Idonki ya kama ƙarfi ɗaya, na hannun ɗan garuwa. Akwai na biyu da ba ya ganuwa: gogayya. Taya na gogar ƙasa, sandar taya na goga a mazauninta, yashin layin na riƙe ta. Duk suna ja baya. Da ya cire hannu sai gogayya ta rage ita kaɗai, ita ce ta tsayar da kurar. Shi ya sa a kan kwalta mai santsi za ki ga ta ɗan gangara gaba kafin ta tsaya, a cikin yashi kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙarawa.

Mu sa lissafi. A ce kura da jarkokinta kilo 300 ne, yana turawa da 200 N, gogayya na ja baya da 140 N. Ragowar 60 N ce kawai ke aiki. Da dokar F = ma, wato ƙarfi (F) daidai yake da kilon abu (m) sau ƙaruwar gudunsa (a), a raba 60 da 300, gudun na ƙaruwa da mita 0.2 a sakan, kowane sakan. In ya sassauta turi zuwa 140 N daidai, ragowa sifili ke nan, amma kurar ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da gudun da take yi, ba ƙari ba ragi. A nan ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawa: suna jin an ce ragowar ƙarfi sifili sai su rubuta cewa abu a tsaye yake. Aikin ƙarfi sauya tafiya ne, ya ƙara gudu, ya rage shi, ko ya karkata hanya.

Jikinki ma shaida ne. Kina cikin adaidaita sahu a titin Gidan Zoo, direba ya taka birki ba shiri, sai ki ji goshinki ya nufi ƙarfen gaba. Babu wanda ya hankaɗe ki. Birki ya tsayar da keken, ke kuwa kin ci gaba da tafiyarki.

Inda babu iska babu ƙasar da za a goga fa? Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau yana tafe, kusan kilomita 17 a sakan ɗaya, ba tare da wani inji na tura shi gaba ba.