Tambaya da Amsa: Species, Genus da Littafin Jabu

Wata ɗalibar aji uku na babbar sakandare daga Zariya ta rubuto: "Malam, WAEC ta ƙarato, species da genus suna rikita ni. In sayi ƙamus na kimiyya ne?"

'Yata, kwantar da hankalinki, ki riƙe kuɗinki. Species rukunin halittu ne masu haihuwa da juna, 'ya'yansu ma su haihu. Jaki da goɗiya sukan haifi alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, don haka kowa da species ɗinsa, ko da yake genus ɗinsu ɗaya, wato Equus. Genus ne a sama, shi ke tattara dangi na kusa. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya kafa tsarin suna biyu ga tsirrai a 1753. Misalin irin wannan suna: kuka Adansonia digitata, zogale Moringa oleifera. Na farko sunan genus ne, ki fara shi da babban harafi, na biyu na species ne, da ƙarami, kuma ki ja wa kowanne layi a takardar jarrabawa. Ɗaya ko goma duk species ake cewa. Kika cire s ɗin ƙarshe, kin koma maganar tsabar kuɗi, don ma'anar specie ke nan a Turanci. Jam'in genus kuwa genera.

Wani matashi daga Gusau yana tambaya ko ya riƙa biyan manhaja duk wata don haddar sunayen Latin. Haba! Biro da littafin rubutu sun ƙare a Gusau ne?

Sai wani uba daga Katsina, ya sayo wa ɗansa littafin bayoloji a bakin titi da rabin kuɗi, yaron ya ce zanen ba ya ganuwa.

Alhaji, jabu aka sayar maka, kuma araha ba ta ado. Wannan abu yana ci mini rai. Mutum zai kashe dubbai a katin waya bai ji komai ba, littafin ɗansa ne zai tsaya taya kamar tumatir. Masu satar bugu hoton shafi suke ɗauka su buga a takarda shara-shara, zane ya dagule, harafin a da na o su zama abu ɗaya. A wannan darasi kuwa harafi ɗaya ke zubar da maki. Wasu ma tsohon bugu suke yi wa sabon bango. Kafin ka biya, ɗaga shafi ka duba ko rubutun baya yana leƙowa, bi lambobin shafuka kada wasu sun ɓace, ja bangon ka ga ko gam ɗin zai saki. In aljihu bai kai sabo ba, nemi na hannu na ainihi wurin waɗanda suka gama bara.