Tambayi Mai Gyara: Ƙaton talabijin mai madubi a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Mai Gyara. Ɗanka ne daga Aboabo a nan Kumasi, ina da ɗan shagon shayi da burodi. Abokin yayana ya sauke kaya daga Amurka ta tashar Tema, a ciki akwai wani ƙaton talabijin na gwanjo, inci 65, irin mai ƙusumbi a baya, an rubuta DLP da 1080p a jikinsa. Ya ce zai bar mini a rabin kuɗin sabon sirintaccen nan mai inci 55. Ina son ajiye shi a shago saboda masu kallon ƙwallo da dare. Hotonsa yana da kyau kuwa? In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka tambayi abin da nake ƙauna, domin na daɗe ina buɗe cikin irin waɗannan akwatuna.

Na farko da na taɓa gyarawa a 2006 ne, a falon wani Alhaji a Asawase, ana gobe Ghana za ta kara da Jamhuriyar Cek a gasar cin kofin duniya ta Jamus. Nasa tsohon yayi ne, mai bindigogin haske uku, ja da kore da shuɗi, kowace tana harba nata hoton a madubi. Sun goce da juna, sai ka ga farin layin fili da jan baki a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen. Na kai wajen sha ɗayan dare ina daidaita su. Washegari Asamoah Gyan ya jefa ƙwallo tun mutane ba su gama zama ba, aka tashi 2 da 0, ni kuwa rabin hankalina yana kan layin fili, ina duba ko ya tsaya fari.

Naka ya fi wancan nesa ba kusa ba. A ƙasan akwatin akwai ƙwan fitila guda mai tsananin haske. Hasken yana ratsa wani faifai mai launuka da ke juyawa da gudu, ya faɗa kan wani ɗan guntun abu da bai kai akwatin ashana ba, wanda kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro, wannan fasahar ita ce DLP ɗin da ka gani a rubuce. A fuskarsa akwai ƙananan madubai sama da miliyan, kowanne yana kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Daga nan hoton ya bi ta gilashi ya daki babban madubin da ke kwance a cikin ƙusumbin, ya dawo kan allo ta baya. Rubutun 1080p ɗin nan yana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Idan ƙwan yana da ƙarfi kuma ɗaki ya yi duhu, wallahi hoton yana da daɗin ido. Yana da laushi irin na silima, koren ciyawa yana fitowa kore sosai, ƙwallo ba ta jan wutsiya idan ta tashi, kuma tambarin tasha ba ya ƙonewa ya zauna a allo kamar yadda yake yi wa masu bindiga uku. Akwai dai mutanen da idonsu ke kama walƙiyar bakan gizo idan suka waiga da sauri, saboda faifan nan, wasu har kansu yana ciwo.

To amma kai shago ka ce, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba. An yi allon ne ya tattara haske ya turo wa wanda ke zaune a kujera daidai gabansa. Yaron da ke kan tabarma a ƙasa da mai tsayuwa a bakin ƙofa da kofin shayi za su ga hoton ya dushe, kamar an shafa masa toka. Ga ƙurar hunturu da hayaƙin murhunka, fanka tana zuƙo su ciki su kwanta a kan madubi. Na sha buɗe wanda mai shi ke rantsuwa ƙwai ne ya mutu, in shafa yatsa a madubin in ɗago shi jawur.

Sai maganar ƙwan, wadda ita ce gaskiyar kuɗin. Masu ƙera shi kan ce yana yin awa 6,000 ko sama da haka kaɗan, amma tun kafin nan haskensa yake raguwa. Ba ka san awa nawa ya ci a Amurka ba. Kuma ba ya son ɗauke wuta ba shiri. Idan ka kashe da rimot, za ka ji fanka ta ci gaba da huci na ɗan lokaci tana sanyaya shi. Idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ta faɗo ana tsakiyar wasa, fanka ta tsaya cak, ƙwan ya zauna cikin zafinsa, kwanansa yana raguwa. Sabon ƙwai kuwa sai an yi odarsa daga waje, domin Sony ta sanar da barin ƙera talabijin mai ƙusumbi tun ƙarshen 2007, Mitsubishi da ta fi kowa daɗewa a kai, har ta kai inci 92, ita ma ta rufe a 2012. Ka ga ko autansu ya haura shekara goma.

Kada ka manta kayan Amurka wutar 120 suke ci, tamu 230 ce. Ba taransifoma mai rage wuta, ba kunnawa, ko sau ɗaya. Eriyarsa ma ba za ta kama tashoshinmu ba, sai da dikoda ta wayar HDMI, kuma da yawa daga cikinsu ba sa karɓar hoto mai bugun 50 a daƙiƙa irin namu, sun saba da 60. Sai ka ji murya allo baƙi ƙirin, ko ya rubuta maka cewa bai gane saƙon ba.

Saboda haka ga shawarata. Don shago, ka haƙura, ka ƙara tari ka sayi sirintaccen ka rataye shi sama inda kowa zai gani, mitarka ma za ta fi jimawa da kati. Idan kuwa zuciyarka ta riga ta kwanta da shi don falon gida, kada ka ba da ko sidi ɗaya sai ka je da dikodarka ka haɗa a gabansa. Ka bar shi ya yi rabin awa a kunne. Ka nemi wurin da hoto ya yi baƙi ka matsa kusa: idan ka ga fararen ɗige-ɗige kamar taurari da ba sa motsi, madubai ne suka maƙale, kuma ƙaruwa suke yi, ka juya ka tafi. Ka kara kunnenka a bayansa, idan yana kuka kamar injin niƙa daga nesa, faifan launi ne ya kusa. In duk ya tsallake, ka sa kuɗin sabon ƙwai da taransifoma da ƙaramin batirin riƙe wuta a cikin ciniki. Ranar da za a ɗauko shi a tsaye za a ɗora shi a mota, mutum biyu riƙe da shi, kada a kwantar da shi a kan fuskarsa.