Lambar Nansen mai rubutun Armeniyanci: yaya zan gane ta gaske?

Tambaya: Malam, na ga ana tallar wata lambar yabo ta tagulla a intanet, fuskar Fridtjof Nansen a gaba, rubutun Armeniyanci a baya. Mai ita ya ce ta 1915 ce. Me ya haɗa Nansen da Armeniyawa, kuma ta yaya zan tantance ta?

Amsa: Batun 1915 ɗin nan ba zai yiwu ba. A shekarar ne aka fara kisan kiyashin Armeniyawa a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, amma ɗawainiyar Nansen, mutumin Norwe mai taimakon 'yan gudun hijira, daga baya ta zo. A 1922 aka fito da fasfon da ke ɗauke da sunansa don waɗanda suka rasa ƙasa, a 1924 aka shigar da Armeniyawa ciki, ya kuma je Armeniya a 1925. Gidan tarihin kisan da ke Yerevan, babban birnin Armeniya, yana ba da lambobi masu sunan Nansen, da Henry Morgenthau, jakadan Amurka a Daular Usmaniyya lokacin kisan, da marubuci Franz Werfel. Sai a 1995 aka buɗe gidan, don haka lambarsa ba ta girmi wannan shekara ba. Sau da yawa shekarar da ke jikin lamba ta abin da ake tunawa ce, ba ta ƙira ba.

Fara da duba ko an rubuta adadin kuɗi. In akwai dram, kuɗin Armeniya, to sulallan tunawa ne. Lamba ba ta ɗauke da adadi.

Sai ka nemi hoton bakinta, kusa-kusa. Wadda aka buga da hatimin ƙarfe harufanta tsaf suke, gashin kai ma ana ganin silinsa. Jabu galibi zubi ake yi: za ka ga ɗan layi ya zagaye baki inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu, ga ƙananan ramuka kamar na allura, harufa sun dakushe. Akwai lambobin asali da zubi ne, shi ya sa takardar shaida da akwatinta suke da muhimmanci sosai.

In ta zo hannu, kanga mata maganaɗisu; tagulla da azurfa ba sa kamawa. Auna ta a sikeli mai nuna giram. Ɗora kofin ruwa a sikelin, mayar da shi sifili, ka rataya ta da zare ta nutse ba tare da ta taɓa gindin kofin ba. Raba nauyin farko da na biyu: tagulla wajen 8.8, azurfa mai tambarin 925 wajen 10.3. In ka samu ƙasa da 7, ƙarfe mai arha aka shafa wa launi.

Don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami. Duhun da ta yi yana kare ta, kankare shi yana karya darajarta. Riƙe ta ta baki, ka ajiye a busasshen wuri, ban da leda mai laushi ta PVC, wadda ke bar mata koren danƙo.