Ki fara duba sunan farko, 'yata

'Yata, saƙonki ya iso, kuma sau biyu na karanta shi. Kin ce kin kammala digiri na biyu, hankalinki ya kwanta da binciken yadda jijiyoyi suke jin zafi da raɗaɗi, yanzu gurbin digiri na uku kike nema. Sai kika tambaye ni abu biyu game da al'adar masu wannan sana'a: ko rashin kunya ne ƙaramar ɗaliba ta rubuta wa babban farfesan da bai san ta ba, kuma me ya sa a maƙalun da kike karantawa ake kai sunan shugaban ɗakin bincike can ƙarshe kamar an raina shi.

Ta biyun zan fara amsawa, domin amsar ta farkon a cikinta take.

Babu raini a ciki. A wannan fanni sunan ƙarshe na shugaban ɗakin bincike ne, wanda ya nemo kuɗin aikin ya kuma ɗauki nauyinsa. Sunan farko kuwa na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, kuma galibi matashi ne irinki. Ki duba maƙalar da ta fito a mujallar Nature a 1997, wadda ta bayyana TRPV1, ƙofar nan ta jikin jijiyoyin jin zafi da take buɗewa idan kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji, ya taɓa ta, ko idan ɗumi ya haura kimanin digiri 43. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko shi ne a ƙarshe. Na farko Michael Caterina ne, wanda a lokacin yake aiki a ƙarƙashinsa bayan ya gama digirinsa. Haka Bertrand Coste a ɗakin Ardem Patapoutian na cibiyar Scripps. Wata da watanni yana zaune yana dungurar ƙwayar halitta da siririn tsinken gilashi, yana auna 'yar wutar da ke ratsa ta, yana kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya daga jerin guda 72, kullum ba labari. Sai a kan ta ƙarshe wutar ta ɗauke. Da haka aka gano Piezo1, ƙofar da matsi ko taɓi ke buɗewa a jikin ƙwayar halitta, maƙalar ta fito a 2010. Kyautar Nobel ta 2021 shugabannin biyu aka ba, amma Caterina yau farfesa ne a Jami'ar Johns Hopkins, Coste kuma yana nasa binciken a Faransa. Sunan farkon nan shi ne jarinsu.

Saboda haka kafin ki rubuta wa kowa, ki ɗauko maƙalun ɗakinsa na shekara biyar da suka wuce, ki bi sunayen farko ɗaya-ɗaya. Ina suke yanzu? Sun gama a kan lokaci? Sun samu ci gaba, ko sun ɓace ɓat? Ki rubuta wa biyu ko uku a cikinsu ki tambayi halin malaminsu. Wannan ma al'ada ce sananniya, babu mai ganin laifinki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ni ban yi haka ba, kuma na ji a jikina. Shekara biyu na yi a kan wani aiki a wani ɗaki, kunya ta hana ni tambayar yadda za a jera sunaye. Ranar da aka miƙo mini daftarin maƙalar, sai na ga sunana na uku. Na riƙe takardar hannuna yana rawa, ban iya cewa uffan ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake roƙonki ki yi wannan magana tun ranar da aka ba ki aiki, cikin ladabi, kuma ki bi ta da imel don ta zama a rubuce.

To, batun wasiƙa. Ki rubuta, ba rashin kunya ba ne. Su ma neman ɗalibai nagari suke yi ido rufe. Sai dai ladabin wannan sana'a a gajarta magana yake. Ki kira shi Farfesa da sunan danginsa, gaisuwa layi ɗaya, kada ki cika shi da kirari. Ki faɗi maƙalarsa da kika karanta, da tambayar da ta bar miki a rai, da abin da hannunki ya iya: renon ƙwayoyin halitta ne, ko lissafi da kwamfuta, ko aikin dabbobi. Abin da ba ki iya ba ki ce kina son koyo. Idan mako biyu ya wuce shiru, ki tuna masa sau ɗaya. Wasiƙa guda da aka rarraba wa mutum talatin kuwa, daga layin farko ake gane ta.

Tambayar ita ce ran wasiƙar, kuma fagen cike yake da su. A 2006 aka ba da rahoton wasu iyalai a arewacin Pakistan da 'ya'yansu ba su taɓa jin zafin ciwo ba saboda Nav1.7, wata ƙofa ta jikin jijiyoyin jin zafi, ba ta aiki a jikinsu. Kowa ya ɗauka magani ya samu, amma magungunan da aka ƙera don toshe ta ba su ba da abin da aka sa rai ba. 'Yar uwarta Nav1.8, wadda ɗakin John Wood na Landan ya bayyana a 1996, sai a Janairun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin da ke toshe ta. Kusan shekara talatin ke nan. Ga kuma wadda ta fi damuna: me ke sa raɗaɗi ya ƙi tafiya bayan rauni ya warke, ya zarce wata uku, ya zama shi kansa cuta? Da zan dawo matashi, nan zan tare.

Ƙofofin neman tallafi ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiyar nazarin raɗaɗi ta duniya, IASP, tana da tallafin masu koyon bincike mai ɗauke da sunan John Bonica, tana kuma yin babban taro duk shekara biyu. Tarayyar Turai tana da shirin Marie Curie, IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, tana shirya makarantun horo, tallafin EMBO, ƙungiyar masana kimiyyar halittu ta Turai, da na HFSP, shirin ƙasa da ƙasa na binciken halittu, kuma na bayan digiri na uku ne. Kusan dukkansu suna neman wasiƙar shaida, don haka ki ba malamanki aƙalla wata guda, kada ki far musu ana gobe rufewa.

Akwai al'ada ɗaya da ba ki tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kanta ba. Za ki yi aiki da ɓeraye, kuma zafi za ki auna a jikinsu. Za ki sa ɓera a kan ragar waya, ki jira ya natsu, ki ɗauki siririn zaren von Frey ki taɓa tafin ƙafarsa ta baya har zaren ya lanƙwasa, ki ga ko zai janye. Tun 1959 masana biyu na Biritaniya, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'ida: a maye gurbin dabba idan da hali, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Ba a taɓa ko ɗaya sai kwamiti ya amince. Kuma ki sa wani ya ɓoye miki wane ɓera aka ba magani, domin ido yana ganin abin da zuciya take so. A 2014 ɗakin Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana tayar wa ɓeraye hankali har su rage nuna zafi. Ranar ganawa ki tambayi yadda suke kula da dabbobinsu, ki lura da fuskar mai amsawa.

Ki zaɓi ɗakuna uku, ki rubuta wasiƙar farko, ki turo mini kafin ki aika. Ki haɗo da sunayen farkon da kika bi sawunsu da abin da suka gaya miki. Ki gaida mahaifiyarki.

Kawunki.