Nisa, tazara da gusawa: amsa ga masu koyar da darasin motsi

Wata malama da ke koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare ta aiko da tambaya mai ɗan tsawo, ga ta a taƙaice: "Malam, littafin da muke aiki da shi na Turanci ne, amma in na ga yara sun yi zuru sai in juya zuwa Hausa. A darasin motsi akwai kalmomi biyu. Ɗaya tana nufin tsawon hanyar da abu ya bi gaba ɗaya. Ɗayar kuma tana nufin yadda ya bar inda ya tashi, a miƙe, da kuma ɓangaren da ya nufa. Ni duka biyun nisa nake ce musu, yara kuma sun ruɗe. Hausa ba ta da kalma ta biyu ne?"

Malama, yaran nan suna da hujjar ruɗewa, domin nisa kalma ce mai faɗin ciki. Muna cewa hanya ta yi nisa, muna nufin tsawonta. Muna cewa wurin da nisa, ba mu fayyace ko ta hanya muke nufi ko ta hangen ido ba. Dare ma yana yin nisa, karatu yana yin nisa, wanda ya yi nisa kuma aka ce ba ya jin kira, alhali wataƙila ko taki ɗaya bai yi ba. Kalmar da take auna hanya, ta auna lokaci, ta auna taurin kai, in kika ɗora mata ma'ana biyu a darasi ɗaya za ta ɗauka ba musu, yaran ne za su sha wahala.

Ga abu na farko, wato duk ƙasar da ƙafa ta taka, ni na fi son a ce tsawon tafiya. Yaro ya san tsawo, ya san tafiya. Shi ne abin da agogon kilomita na mota yake ƙirgawa: ko direba ya ɓata hanya ya yi ta zagaye, lambar ƙaruwa take yi, ba ta taɓa raguwa.

Na biyun ne mai wuya. Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce tazara, ni ma shekarun baya na taɓa ba wani malami wannan amsar da gaba gaɗi, daga baya na gane rabin amsa na ba shi. Tazara ita ce filin da ke tsakanin abu biyu, kuma a miƙe ake ganinta, nan ta dace. Amma tazara ba ta da fuska. Tazarar da ke tsakanin allo da ƙofa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙofa da allo. Abin da littafinki yake nufi kuwa yana da mafari, yana da maƙura, yana da inda ya fuskanta. Wanda ya tashi daga allo zuwa ƙofa da wanda ya tashi daga ƙofa zuwa allo, tazara ɗaya suka ci, amma a ilimin kimiyya abin da suka yi kishiyar juna ne.

Rata ba za ta yi ba, don ta fi zama a bakin masu tsere da gasa, wane ya ba wane rata. Ƙaura kuma ta yi nauyi. Mai ƙaura ya kwashe kaya ne ya bar wuri, ba a cewa alli ya yi ƙaura don an tura shi taƙi ɗaya a kan tebur.

Abin da nake ba da shawara shi ne gusawa. Ki lura da yadda muke amfani da ita: gusa can, guso nan, gusa gaba kaɗan, gusa hagu. Da wuya a ce wa mutum ya gusa ba a nuna masa ina ba, ko da baki ko da hannu. Kuma wanda aka ce ya gusa, in ya tashi ya zaga ɗakin sau uku ya dawo ya zauna inda yake, kowa zai ce masa, ai ba ka gusa ba. To wannan hukuncin da kowane Bahaushe zai yanke ba tare da ya shiga aji ba, shi ne ainihin abin da littafin yake son yara su gane. Shawarata ce dai, ba doka ba. Wanda ya fi son ya ce tazara mai alƙibla, ban ga laifinsa ba, sai dai ta yi wa bakin yaro tsawo.

Ga yadda na ga abin ya zauna a kan yara. A share tsakiyar aji. A ɗiga alli a ƙasa, a tsayar da yarinya ɗaya a kai, a ba ta bakin igiya, wani yaro ya riƙe sauran a kan ɗigon. Ta yi mita 4 gabas, a sa dutse a kwanar igiyar ta naɗe shi, sannan ta yi mita 3 arewa ta tsaya. A auna igiyar da ta ja, mita 7 ce, tsawon tafiyarta ke nan. Sai a cire dutsen, yaron da ke kan ɗigo ya janye igiyar har ta miƙe sak tsakaninsa da ita. Mita 2 za su dawo hannunsa, mita 5 su rage. A nan ne za ki ji aji ya ɗauki hayaniya, wani ya ce igiyar ce ta ƙanƙance, wani ya ce an yi kuskuren awo. Ki bar su su sake aunawa da kansu. Gusawarta mita 5 ce, wajen arewa maso gabas, kuma kada ki karɓi amsar wanda ya ce mita 5 ya yi shiru, sai ya faɗi ina. Lissafin 3, 4 da 5 ƙa'idar Pythagoras ce, wadda ke haɗa tsawon gefuna uku na alwatika mai kusurwar digiri 90, amma ba dole a ambace ta ranar ba. Daga nan ki ce yarinyar ta yanko kai tsaye ta dawo kan ɗigon. Tsawon tafiya ya zama mita 12, gusawa ta koma sifili.

Ki yi amfani da tef ɗin awo, kar ki ce a ƙirga taki. Kakanninmu sun auna da taƙi da kamu da gaba da taki, amma kamun dogo ba na gajere ba ne, takin ɗan aji ɗaya ba na ɗan aji uku ba ne. Mita kuwa tun 1983 aka ɗaure ta da gudun haske, ita ce tsawon da haske yake ci a sarari fayau cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa.

Wata 'yar ƙaramar magana a gefe, tunda muna neman kalmar fuskantar wuri. Jiha da muka sani yanzu a matsayin yankin mulki, asalinta Larabci ne kuma ma'anarta sashe ko ɓangare, shi ya sa dattawa suke cewa jihar gabas, jihar yamma. Alƙibla ma daga Larabci take. A aji ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta, ni da alƙibla zan tafi, don jiha za ta kai hankalin yara taswira.

Tambaya ta biyu daga wani malami ne. Ya ce wani ɗalibinsa ya ƙure shi: wanda yake zaune cikin mota tana gudu, yana motsi ko ba ya motsi? Ya ce ya amsa da cewa yana motsi, yaron ya ce to ai ko yatsa bai ɗaga ba.

Malam, yaron nan Hausa yake ji da kyau. A bakinmu motsi ya fi karkata ga abin da jiki yake yi a inda yake: mara lafiya ya yi motsi, ganye yana motsi, an ji motsi a bayan ƙofa. Barin wuri kuma tafiya muke ce masa. Don haka fasinja yana tafiya amma ba ya motsi, mai rawa a tsaye yana motsi amma ba ya tafiya. Kimiyya ta ɗauki kalma ɗaya ta ce duk abin da matsayinsa ya sauya yayin da lokaci yake wucewa, motsi yake yi. Sai ka faɗa wa yara ƙarara cewa a wannan darasin an faɗaɗa kalmar, kar ka bar su su zaci kunnensu ne ya yi kuskure.

Amma akwai sauran magana, matsayi ya sauya a wurin wa? A wurin na kusa da shi a kujera, fasinjan bai gusa ba. A wurin wanda ke tsaye bakin titi, ya yi gaba. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya kawo irin wannan misalin a 1632 da mutumin da ke cikin ɗakin jirgin ruwa mai tafiya lami lafiya, wanda ba zai iya gane ko jirgin yana tafiya ko yana tsaye ba in bai leƙa waje ba. Mu ma da muke zaune, duniya tana ɗauke da mu tana kewaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa guda.

Abin da yake burge ni shi ne harshenmu ya riga ya saka wannan tunani a cikin aikatau. Fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, tafi da taho, kai da kawo. Wasalin o na ƙarshe yana nuna aikin ya nufo inda mai magana yake. Masana nahawu, bisa rabe-raben da Parsons, wani Bature masanin harshen Hausa, ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, suna kiran wannan giredi na shida. Ka tsayar da yaro ɗaya cikin aji, ɗaya a waje, na uku ya ƙetare ƙofa. Na ciki zai ce ya fita, na waje zai ce ya fito. Tafiya ɗaya ce, amma kowanne ya auna ta daga inda yake tsaye, kuma babu wanda ya koya musu. Daga nan zuwa alamar tarawa ga gaba da alamar ɗebewa ga baya a layin lamba, taki ɗaya ne.

Tambaya ta uku gajera ce, wani mai karatu yake tambaya ko akwai karin magana da za a iya buɗe darasin da shi.

Akwai, amma a yi hattara, karin magana ba don awo aka yi shi ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara ya fi kowanne dacewa: mai yanke da mai zagaye wuri ɗaya suka sauka, gusawarsu ɗaya, tsawon tafiyarsu ya bambanta. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, wannan na ranar da za a shiga batun sauri ne, wato tsawon tafiya a raba da lokaci. Kwan-gaba kwan-baya kuma sunan duk tafiyar da ta ci ƙafa ba ta gusar da mai ita ba, kamar mai ninƙaya a tafkin gasa mai tsawon mita 50 da ya je ya dawo, ya ci mita 100 ya taɓa bangon da ya bari. Masu tseren mita 400 ma ana yawan kawo su misali, amma na layin farko ne kaɗai yake ƙarewa inda ya tashi. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu, da ya kafa tarihin daƙiƙa 43.03 a gasar Olympics ta Rio a 2016, daga layi na takwas ya tashi, can gaba da inda ake ƙare tseren, don haka tasa gusawar ba sifili ba ce.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo kuwa, yara suna son shi saboda ana iya gwadawa nan take. A cilla ƙwallo sama mita 5 a cafe ta a inda aka sake ta, ta ci mita 10, ba ta gusa ba. In aka bari ta faɗi ƙasa, gusawarta tsayin da ke tsakanin hannu da ƙasa ne, ta fuskar ƙasa. In kuma wani mai wayo a bayan aji ya tambaya ko akwai jifan da ba ya dawowa, a ce masa akwai, amma sai ya bar duniya da gudun kusan kilomita 11.2 a daƙiƙa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 har yau tafiya yake yi.