Ɗana ya sauya hali tun da jarrabawa ta ƙarato

Tambaya: Likita, ɗana yana aji biyu a jami'a a nan Gombe. Tun da jarrabawa ta ƙarato ya zama mai saurin fushi, ba ya barci, abinci sai an matsa masa, ya kuma janye jiki daga abokansa. Taurin kai ne ko ciwo?

Amsa: Hajiya, wannan ya fi kama da damuwar da ta yi wa yaro yawa. Idan fargabar faɗuwa, kuɗin rajista da cunkoson ɗakin kwana suka taru, jiki kan saki sinadaran adrenalin da kotisol. Na ɗan lokaci suna da amfani. In aka yi makonni a haka sai barci ya lalace, sauran su biyo baya: mantuwa, ciwon kai, gudun lacca, faɗa kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Don haka a fara gyara barcin. Matashi na buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta; mai kwana a aji har asuba wahalar banza yake sha. Kofi, goro da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafin mai hana barci, kuma rabinsa na nan a jini bayan kimanin awa 5, saboda haka kada ya sha bayan azahar. Ya yi karatu na minti 45, ya huta 10, ya taka ƙafa rabin awa bayan la'asar, ya ajiye waya awa guda kafin ya kwanta.

Ki sa ido kan ƙwaya. Wasu ɗalibai kan sha tramadol wai don juriyar karatu, alhali yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma da wuyar bari. Maganin tari mai kodin, da gwamnati ta haramta a 2018, bai ɓace ba. Tangaɗi, yawan gyangyaɗi da roƙon kuɗi ba dalili alamu ne.

Kada ki tsare shi gaban ƙannensa. Ki keɓe da shi, ki tambayi kwas ɗin da ke ba shi tsoro, ki saurara.

Idan ƙunci da janyewar suka kai mako 2, ku je asibitin makaranta ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Addu'a ba ta hana magani. In ya ambaci gajiya da rayuwa ko kashe kansa, a kai shi ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magunguna da fiya-fiya daga gidan.